Rasuwar Batirin Sallau Shofer a Yekuwa

Da zuciya cike da baƙin ciki, Malam Sallau shofer, tsohon soja, haifaffen Yekuwa mazaunin Magariya, yana sanar da ƴan'uwa da abokan sana'a, da ƴan dakon bakin sikeli, da duk wanda ya taɓa hawa bayan motarsa ko da bai biya ba, rasuwar batirinsa. Marigayin ya cika da safiyar Talatar da ta wuce a Yekuwa, bayan ya kwana a ɗakin Inna Ɗela mahaifiyar Sallau. Ya yi doguwar jinya wadda ba a gane kanta ba sai da aka makara. Ya tafi cikin tsabta, kuma babu mai cewa ba a kula da shi ba.

An haifi marigayin a ƙasar Turawa, a wani gari da ko Sallau, da ya yi yaƙi can, bai iya faɗin sunansa ba. Ya ƙetaro teku, ya hau jirgin ƙasa har Kano, ya zauna a kanti yana jiran mai rabo. Mai rabon kuwa Sallau ne, wanda da aka sallame shi daga soja ya tattara abin hannunsa ya sayi wata tsohuwar mota a gwanjo a Damagaram, irin manyan nan da ake ce wa kamyo. Ranar Laraba ta shigo hannunsa, sai ya sa mata suna Balaraba. Batirin da ta zo da shi ya riga ya ga duniya, bai daɗe ba ya bi magabata. Sallau ya je Kano ya ɗauko marigayin, ya zaunar da shi a akwatinsa na gefen mota, ƙarƙashin matakin shofer, kuma daga ranar ba su sake rabuwa ba.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi. Baƙi ne wuluk, gajere, mai nauyin da ya fi girmansa, ga kawuna biyu na dalma. Ba shi da surutu. Bai taɓa cin abin kowa ba in ban da wandunan Sallau, waɗanda ruwan cikinsa ya huhhuda ɗaya bayan ɗaya, ba da mugun nufi ba. Abin shansa ruwan sama ne kawai, wanda Sallau ke tara masa a kwalba da damina, don bai yarda da ruwan rijiya ba ko da ta gidan kwamandan mai mulkin gari ce. Wankansa da ruwan kanwa ne, a goge farin garin da ke taruwa a kawunansa, a tsane shi sarai, shi ke nan. Ya sha yin jira a bakin duwan, wato kwastan, yini guda cur bai ƙosa ba. Shi ne ya haskaka filin kokawa a Dungas ranar da magariba ta riski ƴan kokawa ba a yi kaye ba, kuma washegari ya tayar da Balaraba bai nemi a gode masa ba.

Muryarsa ce ba za a manta ba. Sallau zai taka maɓallin tashi da ƙafa, sai ka ji "gur-gur-gur-bum", Balaraba ta girgiza ta kama. Matan unguwar su Sallau a Magariya da wannan suke sanin lokacin ɗora tukunya ya yi.

Kafin a zo ga jinya, dole a ce wani abu game da Inna Ɗela, tun da a gidanta aka yi rashin. Sallau ɗanta ne na fari, ita kuma mace ce mai riƙon kunyar ɗan fari yadda ta tarar iyayenta na yi, ba ta rage komai ba. Ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama inda ya zauna, ba ta tambayarsa ina ya fito. Ranar da aka zo ɗibar samari soja, sauran mata suka bi ƴaƴansu har bayan gari suna kuka, ita tana tsakar gida tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. Ranar da ya dawo bayan kowa ya cire rai da shi, cewa ta yi a ba baƙo ruwa. In tana da magana da shi, kajinta take gaya wa. Sai ta watsa musu tsaba ta ce, "Ku gaya wa mai mota tuwonsa na hucewa." Shi kuma yana tsugune kusa da ita, sai ya ce, "To, Inna," yana kallon ƙasa.

Tun da ya kama tuƙi, zuwansa Yekuwa na kwana ɗaya ne. Ya iso da la'asar, ya sauke mata gishiri da sabulu, ya tayar da mota kafin a dama kunu. Ba ta taɓa cewa ya ƙara kwana ba, don ba za ta iya ba. Shi ma ya sani, kuma in za a faɗi gaskiya, hakan ya zo masa da sauƙi.

Ciwon ya fara bara bayan girbi. Sallau ya iso Yekuwa daga doguwar tafiya, ya ajiye Balaraba ƙarƙashin tsamiyar ƙofar gida, ya buɗe akwatin marigayin ya yi masa wankan kanwa kamar yadda ya saba, Inna Ɗela na wucewa da ƙwaryarta. Da safe ya taka maɓalli, sai marigayin ya ce "gu... gu... gu", kamar tsoho mai neman tashi daga tabarma. Sai da Sallau ya sa manibal, ƙarfen da ake murɗa inji da hannu, ya yi ta murɗawa har rigarsa ta jiƙe, rana ta take tsaka kafin Balaraba ta kama. Ran nan ya karya kumallo a gidan mahaifiyarsa, har ya ci na rana.

Da suka hau hanya, dinamo, mai cika batir da wuta in mota na tafiya, ya ciyar da marigayin ya ware sarai. Ya kwana Magariya lafiya, ya kwana Matamai lafiya, ya kwana Kano lafiya. Sallau ya ce gajiya ce. Amma a zuwa na gaba Yekuwa ciwon ya dawo, ya ma fi na farko. A na bayansa manibal bai yi komai ba, sai da aka tara mazan gari suka tura Balaraba cikin rairayi har faƙon bayan kasuwa, aikin da ya sa Sallau ya ƙara kwana biyu bai shirya ba.

Sai ya kai marar lafiya wurin Ajimi makaniki a Magariya, mutumin da in yana sauraren inji yakan rufe ido ɗaya. Ajimi ya duba dinamo, ya duba ruwan batir, ya shanshana, bai ga laifi ba.

"Ɓarawo gare ka, Sallau," in ji shi, "mai shan wuta in mota ta kwanta. Ko wata fitila ce ba ta mutuwa sosai, ko wata waya ta goge tana taɓa ƙarfe. In za ka kwana, cire wayar kansa guda, da safe ka mayar. In ya tashi da ƙarfinsa, ɓarawon cikin mota yake, sai mu bi wayoyi mu kama shi."

Sallau ya bi umarni. A Yekuwa ya kwance wayar da hannunsa, ya naɗe bakinta da tsumma, ya kwanta da kwanciyar hankali. Da safe ya mayar, ya taka, marigayin ya ce "gu", bai ƙara ba. Da labari ya kai wa Ajimi, sai ya buɗe ɗaya idon.

"Batirin da ba a haɗe yake da komai ba, wa zai sha shi?" in ji Ajimi. "Ni nan sanina ya ƙare. Ka duba inda kake ajiye ta."

Zargi ya koma kan tsamiya. Kawu Mainassara, ƙanen Inna Ɗela, ya ce dama tun suna yara an san tsamiyar nan da masu ita, kuma ba lalle su so warin fetur ba. Aka mayar da Balaraba gindin gawon bakin rijiya, ba a ga sauƙi ba. Aka ce sanyi ne, aka lulluɓe akwatin da buhu. Liman Goni ya yi addu'a, ya kuma faɗa a fili cewa shi bai san kan ƙarfe ba. Abu guda Sallau ya lura da shi har ya ji daɗi: duk safiyar Yekuwa marigayin yakan wayi gari fes, da ɗan danshi a kansa, sai ya ce raɓa ce. Daga ƙarshe ya samo magani da kansa, wanda ba na alfahari ba ne. Ya daina zuwa Yekuwa. Damina ta shiga ta fita bai taka garin ba, gishiri da sabulun sai dai ya ba masu zuwa kasuwa su kai, marigayin kuwa ko atishawa bai yi ba.

To, ga cinikin gyaɗa ya matso. Wanda bai san sana'ar ba ya sani: ranar da aka buɗe ciniki a Magariya, wakilin kamfani yakan tsaya bakin sikeli ya raba aikin kai gyaɗa Kano ga motocin da ya gani da idonsa. Wadda ba ta nan, ba ta nan, sai baɗi. Abin da shofer ya samu a waɗannan watanni kuwa shi iyalinsa ke ci har wata kakar. Sallau ya san in aka fara ba zai ga Yekuwa ba sai bazara, kunya ta kama shi, ya ce bari ya leƙa da hantsi ya gaida tsohuwa ya juyo kafin la'asar, ba kwana. Dabarar ba ta da laifi. Rairayin hanya ne bai ji shawarar ba, ya riƙe Balaraba yini guda, ba su shiga gari ba sai da rana ta faɗi.

Da safe marigayin ya ce "ƙyas".

Sallau ya murɗa manibal har tafinsa ya saɓule. Mazan gari suka bar cirar gyaɗa suka zo turi, Balaraba ta ƙara nutsewa har gindin ƙafafunta, suka ba shi haƙuri suka koma gona. Aka cire marigayin aka ɗora a mangalar jakin Kawu Mainassara, aka sa dutse a ɗaya gefen don nauyi ya daidaita, aka nufi Magariya da shi wurin Ajimi.

Kwanakin da suka biyo baya Sallau ba ya son a tuna masa su. Ya zauna a matakin mota, ya tashi, ya zaga ta, ya koma ya zauna. Gabas rairayi, yamma rairayi, kudu inda Kano take nan ma rairayi. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya ya ce, "Ba ta tashi ba?" alhali yana ganinta akuya na kwance a ƙarƙashinta. Mutumin da ya ƙetare teku ya dawo, ga shi ya kasa fita daga garin da aka yanke masa cibiya. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Tuwo kam yana zuwa a kan kari, kajin gidan kuma ba su taɓa shan saƙo irin na kwanakin nan ba.

Ranar Litinin da yamma jaki ya dawo. Ajimi ya ɗaura marigayin a wata mota mai zuwa Damagaram ta dawo, ya ɗan farfaɗo, ya kuma aiko da saƙo ta bakin Kawu Mainassara cewa jikinsa ya yi nisa, tashi ɗaya ya rage masa, in Balaraba ta kama kada a kashe ta sai Magariya. Ranar Alhamis za a buɗe ciniki. Duhu ya kusa, fitila za ta cinye ɗan ƙarfin da ya rage, don haka dole a kwana. Sallau ya tsaya ya yi tunani. Bai yarda da tsamiya ba, bai yarda da gawo ba, bai yarda da sanyi da raɓa ba. A duk Yekuwa wuri ɗaya ya sani wanda ba abin da zai taɓa kayansa. Ya rungumi marigayin ya kai shi ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya dubi kaji suna shirin shiga akurki ya ce, "Ku roƙar mini Inna ta ba baƙo masauki zuwa safe."

"A shigo da shi," in ji Inna Ɗela.

Da gari ya waye Talata, Sallau ya ɗauko shi, ya zaunar da shi a akwatinsa, ya ɗaure wayoyi, ya yi bisimilla ya taka. Babu "gur", babu "gu", babu ko "ƙyas". Ya goga waya a kan dalma ko zai ga tartsatsi, bai ga komai ba. Nan ya san an yi rashi.

Yana tsugune gaban gawar, rana ta fito ta busar da danshin kanta, sai wani farin zane ya bayyana daga wannan kai zuwa wancan, layi-layi irin na saƙar tufa. Ya dangwala da yatsa ya kai harshe. Kanwa ce. Ya miƙe ya shiga gida. A kan danga an shanya wani tsohon ƙyallen saƙi, jiƙe, duk ya huhhuje. Sallau ya san irin hudar nan, don duk wandunansa suna da ita. Ya kuma san ƙyallen. Majanyin da aka goye shi da shi ne, wanda kowa a gidan ya san Inna Ɗela na ajiye da shi a ƙasan kwallarta, ba ta goya ko ɗaya daga ƙannensa da shi ba. Shi da aka koya wa tun a soja cewa in an wanke batir a tsane shi, don ruwan kanwa hanya ce ga wuta, bai bukaci Ajimi ya yi masa bayani ba. Jiƙaƙƙen majanyi ya haɗa kai da kai, wuta ta kwana tana bi ta cikinsa tana zurarewa, ko an cire waya ko ba a cire ba.

Inna Ɗela na zaune a kujerarta ta tsugunno tana watsa wa kaji tsaba. Ya tsuguna nesa kaɗan.

"Inna, wannan majanyin fa?"

"Ku gaya masa," ta ce wa kaji, "baƙon nan da zazzaɓi yake zuwa kullum. Ran farko na taɓa shi, jikinsa zafi rau. Na ga da kanwa ake masa magani, sai na jiƙa na lulluɓa masa yadda ake yi wa yaro. Da asuba in ɗauke."

"Inna, shi ne ke shanye masa ƙarfi."

Ta kakkaɓe faifan hannunta.

"Ran farko ban sani ba," in ji ta. "Daga baya na ga in ya kwana da majanyin, mai shi yana karyawa a gida."

Kajin sun riga sun watse, babu ko ɗaya a gabanta lokacin da ta faɗi wannan.

Ran Sallau ya ɓaci matuƙa. Ya tuna sikeli, ya tuna iyalinsa a Magariya, ya tuna Ajimi da tsamiyar da aka ɗora wa laifi ba ta ji ba ta gani ba. Yana da kalmomin da ya koyo a bariki na irin wannan rana, da Hausa da Faransanci, amma babu ɗaya a cikinsu da ake faɗa wa uwa. Tausayinta kuma ya kama shi, don tun da aka haife shi bai taɓa jin ta nemi wani abu a wurinsa ba sai yau. Ya ce, "To, Inna." Ta ce a gaya wa mai mota kununsa na hucewa.

Jiya Alhamis aka buɗe ciniki a Magariya. Labari ya iso cewa wakilin kamfani ya waiga bai ga Balaraba ba, ya ba wani shofer, Hamman, gurbinta. Babu mai ara wa wani batir a bakin kaka. Sabon batir yana Kano, abin sayensa kuwa yana cikin aikin da aka rasa.

Marigayin ya bar mata ɗaya, Balaraba, wadda ta shiga takaba a bakin rijiyar Yekuwa, kuma ga alama takabarta za ta ƙare tare da cinikin gyaɗa. Ya bar fitilu biyu da suka makance a ranar, da ƙaho wanda bai sake magana ba, da dinamo mai lafiya da ba shi da wanda zai ciyar. Ya bar manibal, wanda yanzu yake tokare ƙyauren garken awaki. Ya bar rabin kwalbar ruwan sama da bai shanye ba. Ya bar Sallau.

Za a yi jana'iza gobe Asabar da hantsi, a bayan gida kusa da tsamiya, don a nemi afuwarta a lokaci guda. Liman Goni ya ce ba a yi wa abin da ba shi da rai salla, amma zai zo ya yi wa mai rashi addu'ar haƙuri, don ya ga yana bukata. Za a yi rami mai zurfi saboda yara da awaki. Maƙerin gari ya nemi a ba shi dalmar, an ba shi haƙuri. Ana roƙon masu zuwa kada su tambayi sanadin rasuwar a gaban tsohuwa, kuma in sun ji tana ƴar waƙa a madafa su yi kamar ba su ji ba.

Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Inna Ɗela, kowace rana, kowane lokaci. Ba sai an aiko a tambaya ko Sallau na nan ba. Yana nan.

Duk ɗan'uwan da Allah ya hore wa batirin da zai taimaka da shi, ana roƙonsa ya iso Yekuwa da hantsi, a ɗaura a tayar nan take, kada a bari ya kwana. Dalili kuwa shi ne, da aka nemi likkafani Inna Ɗela da kanta ta miƙo majanyin, amma da aka warware shi sai aka ga rabi ne. Ɗaya rabin ta wanke, ta ninke, ta mayar ƙasan kwallarta, ta ce wa kaji ba a san ranar da wani baƙon zai zo da zazzaɓi ba.